Gemun Baba Haruna

Gemun farko da na rina ni kaɗai, kore ya fito. Na wani mai gawayi ne daga hanyar Dindir, mutum mai haƙuri, ya zauna kan benci ya rufe ido ya bar mini fuskarshi. Da na kwance ganyen na wanke, sai ga abu kamar gansakukar bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Na sake wankewa, ya ƙara kore. Kawu Bawa, ƙanen innata, shi ne ya koya mini aikin, ya dawo daga masallaci ya tsaya yana kallo. Sai da mutumin ya ce a ba shi madubi, sannan Kawu ya ce, "Madubi ya fashe jiya." Madubin kuwa yana aljihunshi.

Lalle ne na manta ban fara sawa ba. Na shafa baba, shunin rini, kai tsaye a kan furfura, ita kuwa furfura in ba ta fara shan lalle ba, baba kore yake mai da ita. Ina faɗa muku wanga ne saboda ku da kuke zuwa rakubata, wannan rumfa tawa, nan kasuwar Suki kuna shan shayi, kuna cewa ai aikin Habu ba aiki ba ne, kwaɓawa ce da shafawa. Shafawar ba ita ce aikin ba. Aikin yana farawa ne bayan mutum ya tashi daga benci ya tafi da gemunshi gida, inda ba ka gani.

Ni ban zo wanzanci da niyya ba. Aji uku na yi a makaranta a Sinnar na gudo. Na yi tsinkar auduga, na yi yaron lori wata biyar, na yi tallar shayi a tashar jirgin ƙasa, na bi masunta kwana goma sha ɗaya na ga ruwa ba nawa ba ne. Innata ta gaji ta kai ni wurin ƙanenta ta ce, "Ga shi nan, ko aske shi ka yi ka ɗaure." Kawu ya ba ni tsintsiya. Shekara guda sai shara da wasa aska da daka lalle, ina yi ina kallon hanya.

Kayan rinin ba su da yawa. Tasa biyu ta silba, ɗaya ta lalle ɗaya ta baba, ba a haɗa su ko wajen wanki. Asawaki da anka tauna bakinshi ya yi laushi, da shi ake shafawa. Ganyen zurman na naɗewa, da tsumma mai tsabta. Rariyar siliki. Kwalbar man riɗi. Lalle a kwaɓa shi da asuba ya huta har hantsi, shi kuwa baba kana kwaɓawa kana shafawa, in ya zauna ya mutu. Lalle ya fara shiga ya yi ja, a wanke, sannan baba ya hau kai ya rufe. In ka yi daidai baƙin yana fitowa irin na gashin mutum, da ɗan ja a ciki in rana ta haska. Ba irin na takalmin askari ba.

Irin na takalmin askari shi sabga take yi, wannan baƙin dutsen da ake niƙawa. Shekarar da ta cika kasuwa ita ce muguwar shekararmu. Kowa ya sayi ɗan ƙulli ya yi abinshi a gida cikin minti goma, wa zai zo ya zauna rabin yini da ganye a haɓa. Munka koma aski da ƙaho kawai. Akwai sati da gemu ko ɗaya ba mu taɓa ba, lallen da Kawu ya daka ya yi ɗoyi a tasa. Na ce mu ma mu sayo mana. Kawu ya ce ba da hannunshi ba. Sai da fuskokin mutane biyu a ƙauyenmu sunka kumbura har ido ya rufe, sannan dattawa sunka fara dawowa ɗaya ɗaya, kowa yana cewa dama wucewa yake yi.

To, ga abin da nake cewa aiki. Rinin baba ba ya son zama a gashi, neman hanyar fita yake yi kullum. Kwana uku na farko ba sabulu ko kaɗan. Bayan nan ma ba sabulun wanki, shi wannan a wanka biyu zai mai da maka gemu ja. Ba ruwan zafi. Ba ruwan rijiyar da take da gishiri, sai ruwan kogi da ya kwana a randa ya kwanta. In za ka shiga rana ka ja bakin rawani ka rufe haɓa. Man riɗi ɗan kaɗan a tafin hannu, kwana biyu sau ɗaya, in ya yi yawa shi ma jan launin yake yi, kuma kada ku tambaye ni dalili don ban sani ba. Ragowar baƙin shayi mara sukari in ya huce, a ɗauraye da shi. Lemun tsami kada ya zo kusa. Alwala sau biyar ba makawa, amma a tsettsefe da jiƙaƙƙen yatsa, ba a cuɗa kamar ana wankin wando ba. Kwana goma in sunka cika, fari zai leƙo daga gindi, sai a zo a bi gindin kawai.

Duk wanga ka faɗa wa mutum, ya ce tamam, ya je gida ya yi abin da ya ga dama, ya dawo ya ce rininka ba ya riƙo.

Baba Haruna shi ne ya fi kowa iya wannan. Gafir ne, mai tsaron ƙofar ruwa a babbar tur'a ta gabas da ƙauyenmu. Shi yake juya ƙarfen ya buɗe wa gonaki ruwa ya rufe. Tsoho ne sosai amma hannunshi kamar itace. Tare da kakana sunka zo daga yamma da ƙafa, shi yana yaro yana riƙe wa kakan nawa akuya, da niyyar Makka, sunka tsaya nan noma guzuri, guzurin bai cika ba har yau. Saboda haka wasan jika da kaka muke yi, ni da shi da matarshi Inna Rabi, wadda take ce mini angonta.

Wata Juma'a da safe ya zo rakuba da gemunshi fari fat har ƙirji, ya zauna ya ce wa Kawu, "Bawa, baƙi nike so."

Kawu ya ce, "Lalle dai, Baba. Ja. Shi ne na dattawa."

"Na ce baƙi."

Ashe an sallami gafir na ƙofa ta gaba da ta Baba. Sabon mufattish, mai duba aikin gafirai, ya zo zagaye ya ga furfura ya ce aikin ya fi ƙarfin tsoho. Bai kai ga ƙofar Baba ba ranar. Baba kuwa ba ya da hawasha, gonar da yake nomawa, ba ya da ɗa namiji a raye, wannan ƙofar ita ce tuwon gidanshi, da shi da Inna da jikoki mata uku. Takardarshi ta jinsiyya, ta shaidar ɗan ƙasa, ba za ta tona shi ba, don wanda ya rubuta ta da can ƙiyasta shekarun ya yi, ya rage mishi masu yawa. Gemun ne kawai matsala.

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Habu zai yi. Shi zai yi, shi zai bi."

Baba ya dube ni ya ce, "Wanga da yam mai da mai gawayi ɗanyar rama?"

Na yi. Shi ne rini mafi kyau da na taɓa yi har yau. Lalle sau biyu, baba sau biyu, na rage tsawon, na bar 'yan fararen silli a gefen kunne don kada abin ya yi ƙarya da yawa. Da ya duba madubi ya daɗe, sannan ya ce, "Rabi za ta ce baƙo ya shigo mata."

Wata takwas ina bin gemun nan kamar mai kiwon ɗan maraƙi. Sati na farko ya dawo ja a gefe ɗaya. Na ce, "Baba, sabulu."

"Ban taɓa ba."

Na je gidan na tambayi Inna. Ta ce, "Angona, sabulun wankina kullum raguwa yake yi, na ɗauka ɓera ne." Ta ɓoye sabulun cikin tukunyar daddawa. Sati na gaba kuma ƙasan leɓe ya koɗe. Lemun tsami ne, yana matsawa a kan kifi yana tsotsar ɓawon. Bayan nan rana, don ya ce rufe haɓa da rawani na makiyaya ne. Bayan nan ruwan tur'a, zafi ya dame shi ya tsoma kai gaba ɗaya. Na kai mishi 'yar randa har bakin ƙofar ruwan, na ce da wannan za ka yi alwala. Ya ce, "Kai ko liman bai tsare ni haka ba." Duk Juma'a da safe ina bin gindin. Mufattish ya zo ya wuce sau takwas, yana gaishe shi daga mota, bai taɓa duba shi sau biyu ba.

Ni kuma duk wannan lokacin hankalina yana Bur Sudan. An ce ana ɗaukar ma'aikata a tashar jirgin ruwa, daga nan kuma wa ya sani. Amma ba a ɗauka sai da jinsiyya, ni ko ba ni da ita. Babana ya rasu bai yi ba. Anka ce mini sai na kawo dattijo mai takarda wanda ya san kakana da idonshi, ya rantse cewa tun da can yake zaune a ƙasar nan. Na duba ƙauyenmu kaf. Waɗanda sunka san kakana duk suna maƙabarta, sai mutum ɗaya.

Munka hau lori zuwa Sinnar ni da Baba. Har man riɗi na shafa mishi da safen, don ya fito da kyau. Wannan wautar har yanzu in na tuna ta ba na gane inda kaina ya tafi.

Afandin da ke ofis, ma'aikacin da ke duba takardu, mutum ne mai natsuwa. Ya karanta takarduna, ya ɗaga kai ya ce da Larabci, "Ina shaidan?"

Na ce ga shi.

Ya dubi Baba, ya dubi takardar Baba, ya sake duban Baba. "Ya zol, wannan ai bai fi sa'an babanka ba. Yaushe ya ga kakanka yana saran daji?"

Baba ya fara ba shi labarin akuya da hanya. Afandi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shekarun takarda kowa ya san ƙiyasi ne, ba ya kama mutum da su, amma ido ba ya ƙiyasi. Na ce, "Rini ne, ni na yi da hannuna." Ya matso ya duba gindin gashin. Shekaranjiya na bi shi, ba fari ko ɗaya. Ya ga 'yan sillin da na bari a gefen kunne, ya ce to ga furfurarshi nan ta fara fitowa daidai shekarunshi. Ya yi dariya ya ce, "In rini ne, a wanke a dawo. Sati biyu. Bayan nan takardunka za su koma ƙasan tuli."

Munka hau lori munka juyo, har munka wuce dam. Ni ina lissafi ne na kasa. Wata takwas ina faɗa da abu kada ya fita, yanzu ana so ya fita. In ya fita, ƙofar Baba ta tafi. In bai fita ba, ni na zauna. Na ce a raina shi ke nan, ba zan ma tambaye shi ba.

Shi ya ce, "Gobe ka zo da sabulun Rabi."

Na ce, "Baba, mufattish fa?"

"Sai farkon wata shi ka zuwa. Mu wanke, mu je, mu dawo ka mayar. Ba aikinka ba ne?"

Washegari na yi wa gemun nan duk abin da na hana. Sabulun wanki da ruwan zafi, sau huɗu. Lemun tsami guda goma. Man riɗi har yana ɗiga, na naɗe, na wanke. Ruwan toka. Na zaunar da shi a rana tsaka haɓa a sama kamar mai shanya kuɓewa. Inna tana zaune a kan angare, gadon igiya, tana kallo, ta ce, "Jiya ɓoye sabulu, yau kawo sabulu. Angona, kai da wanga tsoho wa yah haukace?"

Kwana biyu muna yi. Baƙin ya tashi a wasu wurare ya bar ja. Inda toka ta zauna ya yi wani ruwan ƙasa mai kore-kore. Ƙasan haɓa ko gezau, baƙi ƙirin. Fari kuwa babu. Gemun da ɓawon lemu ɗaya yake koɗar da shi, ya tsaya ya ƙi. Fatar Baba ta yi ja tana zafi. Na koma rakuba na faɗa wa Kawu.

Bai bar wasa askar da yake yi ba ya ce, "Rinin baba ka fita, lalle ba shi fita. Shekara nawa kana daka shi ba ka sani ba? Abin da yas shiga gashi sai dai gashin ya tafi da shi." Ya miƙo mini askar.

Ku yara ne, ba za ku gane nauyin wannan ba. Tsoho kamar Baba Haruna a aske mishi gemu tas, a ƙauyenmu, abin da ake yi wa wanda anka kama da abin kunya ne. Na je da askar a aljihu na kasa fito da ita. Ya gan ta ta cikin riga. Ya ce wa jikokin su je ɗebo ruwa, ya juya ya fuskanci katanga ya ce, "Yi bisimilla."

Da na gama, Inna ta leƙo ta daɗe tana kallonshi. Ta ce, "Ashe haɓarka da rami." Shekara arba'in da wani abu ba ta sani ba. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Daga ranar ya koyi rufe haɓa da rawani, har a masallaci, yana cewa haƙori ne. Gashin ya fara fitowa fari kamar gishiri. Mun shirya za mu koma Sinnar ranar kwana na goma sha ɗaya.

Mufattish ya zo ranar kwana na tara. Ba farkon wata ba ne, wani gefen tur'a ne ya ɓalle a ƙasa, yana bin ƙofofi yana cewa a rage ruwa. Ina wurin, na kai wa Baba abinci. Ya sauko daga mota ya ce a juya ƙarfen yanzu. Baba ya kama da hannu biyu ya juya, rawanin ya zame. Ya rufe ƙofar tsaf, da sauri ma, sannan ya miƙe.

Mufattish ya ce, "Ina Haruna?"

Wallahi bai gane shi ba. Da Baba ya ce Haruna ya je kasuwa, ni wanshi ne, da ya wuce. Na buɗe baki ma zan faɗi hakan. Baba ya riga ni. "Ni ne Haruna."

Mutumin ya tsaya yana duban fuskar, yana duban ƙarfen da anka rufe. Ya ce ƙa'ida ce, ba shi ya yi ta ba. Ƙarshen wata Baba zai bar ƙofar.

Bayan kwana biyu munka je Sinnar. Afandin nan yana ganin Baba ya tashi ya ba shi kujera, ya ce, "Bismilla, ya hajj." Ban sani ba ko ya gane mutumin wancan karon ne. Baba ya sake ba da labarin akuyar kalma bisa kalma, ya rantse, anka buga hatimi. Da takardar ta fito na riƙe ta a hannu ina jiran in ji abin da na ɗauka zan ji.

Na je ofishin mufattish don in roƙa wa Baba. Na tsara magana tun daga gida, cewa ya gani da idonshi hannun yana aiki. Ya ce ya gani. Ya ce amma a littafi sai saurayi mai takarda, kuma yana nema bai samu ba, duk samarin ƙauyenmu ba su da ita. Tawa tana aljihun gaba, bakinta ya leƙo. Ya ce, "Wannan mece ce?"

Na ce ta Bur Sudan ce.

Ya ce mu gani. Ya karanta, ya tambayi ko na san ƙofar. Na ce na san inda randar take. Ya ce wa zai nuna mini aikin. Na ce Baba. Ya ce to, ya jawo littafi. Har yau ina juya wannan zaman a kaina, ban gano wurin da na ce i ba, kuma ban gano wurin da na ce a'a ba.

Shekara huɗu ke nan. A littafi ni ne gafir. A bakin tur'a Baba ne yake juya ƙarfe, albashin kuma hannun Inna yake zuwa, ta ce angonta ya fara ciyar da ita. In mufattish ya zo dole a gan ni tsaye a ƙofar, saboda haka ko Sinnar ba na kwana. Yana sauke gilashi ya ce, "Salam, ya gafir," yana kallon tsakaninmu, mu amsa mu biyu.

Gemun ya dawo har ƙirji. Yanzu lalle kawai yake sa, ja, na dattawa, wanda ba ya fita ko an yi mishi mi. Kuma yanzu ne ya ga damar bin doka. Ba sabulu, ba lemu, randa daban, haɓa a rufe. Na ce Baba wannan ba ya buƙatar duk wannan. Ya ce, "Kai ka koya mini, yanzu kuma ka ce mi?"

Takardar tana cikin gwangwanin askake, can ƙasa, na naɗe ta da leda kada mai ya taɓa ta. Yau Talata, kuma tun safe an ce an ga motar mufattish a ƙofa ta uku. In kun ji hon, ni keke zan hau. Wani ya ja tasar lallen nan cikin inuwa, kuma kada wanda ya kwaɓa baba sai na dawo.